Ƙafar da Ban Sunkuya na Duba ba

Zuwa ga Yaya Memuna,

Assalamu alaikum. Na san ba za ki karanta wannan takardar ba. Ko kina raye ma da cewa za ki yi in daina wahalar da kaina in kira ki a waya, ke ba ki da lokacin zaman karatu. To wayar ma na kira bayan rasuwarki, ina sane, don kawai in ji muryarki tana cewa a bar saƙo, har aka rufe layin. Takarda ce ta rage mini.

Kin ga abin da na rubuta a sama? Yaya. Shekara ashirin da biyu muna tare, kin girme ni da shekara bakwai, ban taɓa kiranki da shi ba. Memuna nake cewa gatsau, kamar ina kiran ƙanwar bayana. Ke kuwa ba ki taɓa kama sunana ba. Dokta kike cewa ko tsawa za ki yi mini, har ranar da kika tsince ni ina kuka a ƙasan banɗaki bayan rasuwar Hajiyata, Dokta kika ce in tashi. Ban taɓa tambayar kaina wa ya tsara haka ba.

Jiya aka yi addu'ar arba'in ɗinki a Woodbridge, gidan ƙanwarki Mariya. Mutanenku na Kumasi da Accra sun cika gidan har matattakala, wasu da rigar aiki a jikinsu don daga nan za su wuce wajen tsofaffin da suke kula da su. An dafa wake da shinkafa irin naku, amma yajin bai kai naki ba, kowa ya faɗa. Tsohuwar baturiyar nan ta Annandale da kika yi shekara shida kina juya ta kina yi mata wanka, an ce har yau ba ta yarda ta ci abinci sai an yi mata ƙarya cewa kin je kasuwa. Maigidana Alhaji lafiya lau, sai gwiwar nan tasa. Safiya kuma ba ta dawo gida ba. Tun ranar da aka kai ki take gidan Mariya, a ɗakinki take kwana, daga can take zuwa makaranta. Jiya ta gaishe ni kamar yadda ake gaida baƙuwar da aka san sunanta, ta ajiye mini ruwa ta wuce. 'Yata ɗaya tilo a duniya, wadda kika goya tun tana wata uku ina fita aiki asibiti.

Kin tuna gardamar da muke yi da ita a teburin cin abinci? Tunda ta shiga jami'a ta dawo mana da maganar gata. Wai kowa a ƙasar nan akwai ƙofar da take buɗe masa ba tare da ya ƙwanƙwasa ba, wani saboda fatarsa, wani don shi namiji ne, wani don gidan da aka haife shi, kuma mai gata shi ne na ƙarshe da zai gane yana da shi. Ni kuwa sai jinina ya hau. Ni ce mai gata? Baƙa, mace, da ɗankwali a kaina, da harshen Kano a Turancina? Sau nawa na shiga ɗakin mara lafiya da farar rigata ya tambaye ni yaushe likitan zai zo? Sau nawa aka tsallake ni aka gaida ɗan baturen da nake koyarwa? Sai in lissafa mata duka, don gaskiya ne, kuma har gobe gaskiya ne.

Ita kuma ba ta ja da baya, da Turancinta mai sauri ina mayar mata da Hausa. Ta ce ta yarda, amma in dubi ɗaya hannun. Ina da takardun zama, ina da digiri, ina da gida a Bowie da mota biyu a ƙofa. Ta ce ni ce nake gargaɗinta kada ta zama kamar baƙaƙen ƙasar nan, alhali iyayensu ne suka sha duka kafin irina su samu shiga asibitin. Ta ce a taron masallaci babanta ko tari ya yi sai a saurara, mu kuma muna bayan labule. Har ta kawo maganar wani ɗan ajinsu da iyayensa suka kora daga gida saboda wanda zuciyarsa take so, yana kwana a mota, na daka mata tsawa na ce kada ta sake kawo mini wannan a kan abinci. Sai ta nuna kicin da baki ta ce to Mma Memuna fa, a ina take cin nata abincin?

Ke kina jin mu. Dariya kika yi, kika ce mu biyun nan ƙoshi ne yake damunmu, ke bari ki gama wanke tukunya ki kama hanya kafin babbar hanyar 95 ta cushe. Na ji daɗin dariyar nan taki, na ɗauka gefena kika bi. Yanzu nake tunanin ko gajiya ce kawai ta hana ki cewa komai.

Yaya Memuna, ga abin da ban faɗa wa kowa ba, ko Alhaji, sai dai Safiya ta gani da idonta.

Ranar sunan jikar Hajiya Binta, matar injiniya, da aka yi a gidana don falona ya fi girma. Kin san yadda muke yi, ba wanda ya taɓa faɗa da baki amma kowa ya san wurinsa. Mu matan likitoci da malaman jami'a muna falo da leshi da turare, ku kuna kicin tun safe, a ce ai mutanen Gana sun fi mu iya girkin taro. Na shigo neman ƙarin faranti, kika riƙo mayafina, kika ɗage zani kika nuna mini ƙafarki ta hagu. Kika ce kwana uku ke nan ta kumbura, tana zafi a ƙwauri, ga numfashi na yi miki wuya in kin hau bene. Kin faɗa a hankali, kina ba ni haƙuri don kin tsayar da ni.

Ban sunkuya ba. Daga tsaye na leƙa, ina tattare leshina kada mai ya taɓa shi. Na ce tsayuwa ce ta yi yawa, ki ɗora ta a kan filo in kin koma, ki sha maganin ciwon jiki. Kika ce to Dokta, na gode. Na ɗauki farantaina na fita.

Ba a yi awa ɗaya ba Hajiya Binta ta dafe goshi ta ce kanta na sarawa. Na tashi da kaina na je mota na ɗauko abin awon jini, na durƙusa a gabanta a kan kafet da leshin nan dai, na auna ta sau biyu, na kira abokiyar aikina na sama mata ganin likita washegari. Ba abin da ke damunta sai ɗaurin ɗankwali da ya matse. Safiya na tsakani tana kai abinci daga kicin zuwa falo, ta ga na farko, ta ga na biyu.

Kwana huɗu bayan nan kika faɗi a tashar jirgin ƙasa da safe, da jakar abincinki a hannu. Gudan jini ne ya taso daga ƙafar ya toshe huhu. Ɗalibin da bai gama shekara uku a makarantar likita ba ya san alamun nan. Ni na koyar da su. Da baturiya ce ta zo ofishina ta faɗi rabin abin da kika faɗa, da ban bar ta ta fita ba sai an yi mata hoto. Da Binta ce, da a motata zan kai ta. Me na gani a lokacin da na dube ki? Na yi ta juya tambayar nan kwana arba'in, amsar ɗaya ce, kuma ba ta da daɗi. Na ga mace mai ƙarfi wadda ba ta ciwo, wadda aikinta ne ta tsaya. Yadda marasa lafiyan nan suke kallona su ga ba likita ba, haka na kalle ki.

Sai ranar wanka. Ke ce kike yi wa duk matanmu wankan gawa a yankin nan, 'yan Najeriya da 'yan Nijar da naku. Ke kika yi wa Hajiyata, kika yanka likkafaninta da almakashinki, kika fito kika ce mini fuskarta ta yi kyau. Garin magarya da kafur ba sa yankewa a jakarki. Ranar da aka kawo ki ɗakin wankan masallaci, mu na falo muka tsaya cirko-cirko da digirorinmu, ba wadda ta san ta inda ake farawa. Ni da na sa hannu a takardar mutuwar mutane ba adadi, ban taɓa wanke ko ɗaya ba. Na matsa zan shiga, Mariya ta tare ƙofa cikin ladabi, ta ce Dokta ki zauna a waje ki huta, za mu kira ki in an gama. Har kujera ta jawo mini, mai laushin. Ba da mugunta ta yi ba, wurin da na saba zama ta ba ni. Safiya kuwa ta naɗe hannun riga ta wuce ta gabana ta shiga. Ashe tun tana sakandare kike tafiya da ita tana riƙe miki buta, ni ina zaton laburare take zuwa.

Da ta fito, hannunta na ƙamshin kafur, ta tsaya a kaina. Da Hausa ta yi mini magana, ita da sai an yi da gaske take haɗa jimla biyu. Ta ce ta ga ƙafar, har yanzu a kumbure take, ita ta wanke ta. Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na aika mata saƙo ya fi a ƙirga. Na ce kuskure ne irin na aiki, kowane likita yana yi. Na ce kwana ne ya ƙare, ko na duba ko ban duba ba. Alhaji ma, da bai san zancen ƙafar ba, kwana ne ya ƙare yake ce mini, liman ma haka. Na yi imani da ƙaddara, Allah Ya sani, amma ƙaddarar ba ta hana ni durƙusa wa Binta ba. Safiya ba ta amsa ko ɗaya ba, kuma na san dalili. Har yanzu gardamar teburin nan nake yi da ita, ina neman in ci. To na faɗi, Yaya. Yarinyar ta fi ni gaskiya, kuma ban san yadda uwa take faɗa wa 'yarta haka ba tare da ta rasa sauran girman da ya rage mata ba. Ke da kin sani. Duk faɗan da muka taɓa yi da ita ke kike shiga tsakani, ki ja ta kicin ki ba ta ƙanzo, ki turo ta ta ba ni haƙuri ko ni ce da laifi. Yanzu wa zai turo mini ita? Idan ta gama makaranta ta tafi wani gari da wannan a ranta fa? Idan na mutu ta yi mini wanka don dole, fuskarta a ɗaure, kamar yadda ta ajiye mini ruwan jiya?

Kafin a sallace ki an ce duk wanda kika yi wa laifi ya yafe miki. Na buɗe baki na ce na yafe, ni da ba ki taɓa yi mini komai ba sai alheri. Ba wanda ya tambaye ki ko ke kin yafe. Shi ya sa nake rubutun nan, ina roƙon wadda ba za ta amsa ba. Ki yafe mini ƙafar nan. Ki yafe mini kicin, da dariyar da muke yi wa Hausarku ta zangon Gana in kin juya baya, da sunanki da na yi ta kamawa.

Jiya bayan an watse na tsaya na taya Mariya wanke tukwane. Ta hana ni sau uku, na ƙi saki. Na roƙe ta ta koya mini wanka. Ta dube ni, ta ce duk ranar da aka yi rasuwa za ta kira ni, in bar farar riga da sunan Dokta a mota. Yau da hantsi ta kira. Wata tsohuwa 'yar Nijar ce ta rasu a Annandale, gobe bayan azahar za a yi mata sutura. Safiya ce za ta zuba ruwa. Ban sani ba ko za ta dube ni, ban sani ba ko za ta fita in na shiga, kuma tsoro nake ji irin wanda ban taɓa ji a ɗakin tiyata ba. Na tambayi Mariya ina zan tsaya, me zan yi. Ta ce yadda kika koya musu, sabuwar shiga a wajen ƙafafu take farawa, kuma teburin gajere ne, sai na sunkuya.

Zan je, Yaya. Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka kabarinki, Ya hutar da ƙafafun nan da suka tsaya mana shekara ashirin da biyu. Sai mun zo.

Ƙanwarki,
Hadiza