Tessa Ta Ƙi Jin Shawarata

Madison, Wisconsin

Zuwa ga Yaya Lorraine,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigida Angus da jikoki a can Halifax. Allah ya ƙara wa ƙafarki sauƙi. Mu nan kowa lafiya lau. Sai dai cikin alhini nake sanar da ke cewa majalisar gidan nan, wato matata Noreen ita kaɗai, ta tsige ni daga muƙamin mai ba da shawara kan kuɗi, ta mayar da ni sashen gasa nama.

Ga abin da ya jawo. Kin tuna 'yarmu Tessa ta shiga ɗan kamfanin nan mai yi wa manoma manhajar kwamfuta. Albashin ba yawa, sai suka cike mata da alkawari: in ta yi shekara huɗu, za ta sayi hannun jarinsu a farashin ranar da ta fara aiki, komai tsadar da ya yi. In ta tafi kafin nan, rabon da bai nuna ba ya zube. Bara ta samu ciki, ga su a ɗaki ɗaya na haya, mijinta Colm yana karatu, sai wani kamfanin inshora can nesa a Connecticut ya kira ta da albashi mai kauri. Ni kuwa malamin tarihi, na zaunar da ita na zayyano mata kamfanonin da suka nutse da alkawuransu tun zamanin jirgin ruwa mai filafilai. Na ce mata jariri ba ya shan alkawari. Ta ce wai Baba ya haɗiye littattafai, amma har yau Mama ce ke buɗe masa wasiƙar banki. Ta ce ita ba za ta zare burodi daga tanda yana gab da gasuwa ba. Muka yi makonni gaisuwa kawai ke haɗa mu.

To, Yaya, watan jiya wani babban kamfani ya saye su. Tessa da ta riga ta cika shekara huɗunta ta sayar da hannun jarinta da riba mai yawa, ta sayi gidan da ke bayan namu, mai itacen tuffa. Jaririya Maeve ta samu ɗakinta, kullum da safe nakan tsallaka shinge in ɗauko ta. Noreen sai rawa take a kicin tana ce mini Farfesan Asara.

Ki gaishe da Angus, da 'yarki Fiona, da jikoki su Duncan. Noreen da Tessa suna gaishe ki. Ni dai na yi kuskure, Yaya. Da ta bi tawa, da yanzu a waya nake ganin jikata.

Ƙaninki,
Russell