Tallafin Binciken Jikata Ya Zame Mini Abin Fargaba

Assalamu alaikum Malama Hamsatu. Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma kada ki jinkirta, domin lokaci ya ƙure mini. Ki yi haƙuri da rubutuna. Sunayen da zan ambata ba na gaskiya ba ne, garinmu ma ba zan faɗa ba, ki dai sani a ƙasar Bukkuyum nake.

Ni tsohon malamin firamare ne. Na koyar a ƙauyukan Gummi da na Anka har ƙarfina ya ƙare. Matata ta rasu, abokan hirata sun tafi ɗaya bayan ɗaya, yanzu ni kaɗai nake gidan, sai wata maƙwabciya mai kirki da ke aiko mini da tuwo. Ƙafafuna sun kumbura, masallacin ƙofar gida ne iyakar tafiyata.

Abin da ya rage mini a duniya jikata ce, zan kira ta Sa'adiyya, ɗiyar ɗana Mas'ud. Shekarar da gubar dalma ta yi ɓarna a ƙauyukanmu, Mas'ud yana cikin masu kawo duwatsun zinari ana niƙawa a tsakar gida, ba wanda ya san akwai mutuwa a cikin ƙurar nan. Ƙannenta biyu suka tafi a jere. Ita lokacin tana hannun matata, Allah ya yi da sauran kwananta. Mas'ud bai ƙara zama daidai ba har shi ma ya rasu, Innarta ta yi aure nesa. Ni na rene ta, ni na koya mata baƙi da wasali a kan tabarmar zaure. Yanzu tana aji uku a jami'a a Sakkwato, tana karatun kimiyyar sinadarai. In ta bugo waya tsohon angonta take ce mini, ni kuma in ce amaryar da ta gudu ta bar ni da murhu babu wuta.

Watan jiya ta kira ni cikin murna. Ta ce a sashensu an buɗe wata dama ga ɗalibai masu karatun digirin farko, kowa ya rubuto binciken da yake son yi, waɗanda aka zaɓa za a ɗauki nauyin aikinsu, da tafiya da kayan gwaji. Ita ta rubuta cewa tana son ta koma ƙauyukan da gubar ta taɓa, irin su Yargalma, ta ɗebo ƙasar tsakar gidaje da ruwan rijiyoyi, a auna a gani ko gubar ta dawo bayan kwashe ƙasar da aka yi wancan lokaci, tunda mutane ba su daina niƙa ba. Aka zaɓe ta. Ta ce wanda ya yi irin wannan aiki da kyau, hanyar digiri na biyu takan buɗe masa.

Ni kuma sai na yi abin da muka gada. A wurinmu in alheri ya sauka gidanka ba ka ɓoye shi, kakan kai shi gaban jama'a a sa masa albarka. Na aika aka sayo goro da dabino, na ba limaminmu Malam Abdulwahabu. Bayan la'asar ya sanar cewa jikar Malam ta samu tallafi daga jami'a, aka shafa fatiha, aka raba goro. Na ji daɗi ranar, Malama, rabon da a kewaye ni ana ba ni hannu haka har na manta.

Kafin kasuwa ta sake ci, maganar ta canza kama. Wasu suka ce Turawa ne suka ba ta miliyoyi. Wasu suka ce kamfanin haƙar ma'adinai ne ya ɗauke ta ta auna masa inda zinari yake kwance. Kuma ban ga laifinsu sosai ba, domin a nan babu mai zuba ƙasa a leda ya rubuta mata suna sai mai neman zinari. Mutanen da suka shekara ba su leƙo ni ba sun fara zuwa gaisuwa. Wani ɗan kabu-kabu da ban san iyayensa ba ya tsaya a ƙofar gida yana tambayata yaushe Hajiya ƙarama za ta zo hutu, wai ya je ya ɗauko ta a tasha. Wataƙila ciniki yake nema. Wataƙila kuma ba haka ba. Kin san halin da muke ciki, mutanen daji ba sa ɗaukar mutum sai an kai musu labarinsa daga cikin gari. In suka ɗauke ta suna zaton akwai dukiya, me zan sayar in fanso ta? Fanshona ko maganin hawan jini ba ya isa.

A jami'a an gaya mata ba za ta fita aikin ƙauye ba sai da amincewar wanda ke riƙe da ita, kuma kafin a tafi hutu, in ba haka ba a ba wani ɗalibi gurbin. Na ce mata ta haƙura. Ban faɗa mata dalili ba, na kasa gaya mata cewa bakina ne ya jawo. Ta ce ba za ta saɓa mini ba. Tun ranar babu wasa tsakaninmu, ta gaishe ni, ta tambayi ko na sha magani, ta kashe waya.

In na bar ta ta je wani abu ya same ta, ban san da wace fuska zan sadu da ubanta ba. In na hana ta, na tare mata ƙofar da ta buɗe da ƙoƙarinta, a kan aikin da na san don ƙannenta take son yi. Ko motsin babur na ji a bayan katanga sai in kasa kunne in ji ko ƙofata zai tsaya. Me zan yi?

Tsohon Malami, daga ƙasar Bukkuyum

AMSA

Wa alaikumus salam Baba. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ƙara maka lafiya.

Tsoronka yana kan hanya, kada ka bari wani ya ce maka ruɗin tsufa ne. Goron da ka raba kuma ba laifi ba ne, godiya ka yi wa Allah yadda iyayenka suka koya maka, zamani ne ya lalace. Amma akwai abin da fargaba ta rufe maka. Hana ta binciken ba zai kashe jita-jitar ba. Ko ta ajiye aikin yau, mai ganin tana da miliyoyi zai ci gaba da gani. Ke nan in ka tsaya a kan hani kawai, ta yi asarar damarta, haɗarin kuma yana nan inda yake.

Ka fara da ita. Ka kira ta yau ka gaya mata komai, har da ɗan kabu-kabun. Ba yarinya ba ce, kuma a yanzu tana can tana zaton ba ka yarda da hankalinta ba ne. Wannan zaton ya fi gaskiyar yi mata ciwo.

Daga nan ta haɗa ka da malamin da ke duba aikinta. Kai ma malami ne, ku yi magana kai tsaye. Ka ce ka amince, bisa sharaɗin ba za ta shiga ƙauyukan da ƙafarta ba. Ka tambaye shi ko ma'aikatan lafiya na yankin, waɗanda kowa ya san fuskarsu da aikinsu, za su iya ɗebo ƙasar da ruwan yadda za a koya musu, a aika mata ta yi awonta a ɗakin gwaji. Sauya tsarin bincike saboda rashin tsaro ba baƙon abu ba ne a jami'a, amma sai an nema tun kafin wa'adi ya cika. Ka kuma tambaye shi yadda ake fitar da tallafin, domin sau da yawa irinsa kan kayan aiki yake tafiya, ba aljihun ɗalibi ba. In malamin ya dage sai ta je da kanta, to nan ka ce a'a da zuciya ɗaya, ta nemi a sauya mata wurin bincike. Wata damar za ta zo, rai kuwa ɗaya ne.

Maganar da ta fita daga masallaci, a masallaci za a gyara ta. Ka roƙi Malam Abdulwahabu ya bayyana wa jama'a a fili cewa aikin makaranta ne a kan gubar da ta kashe musu 'ya'ya, babu zinari a ciki, babu dukiya a hannun kowa. Ɗan kabu-kabun kada ka zarge shi a bainar jama'a, tunda ba ka da shaida. Ka dai sanar da mai gari a asirce, kuma daga yau kada ka ƙara gaya wa kowa inda take ko ranar da za ta motsa.

Saura mai wuyar, Baba. Wannan hutun kada ta zo gida. Ta zauna a Sakkwato har maganar ta mutu. Na san ita kaɗai kake jira ta shigo maka gidan nan, na kuma san da kanta ba za ta yarda ta bar ka ba, sai in kai ne ka umarce ta. Ka daure ka faɗa mata da bakinka.

Allah ya tsare ta, ya sa albarka a karatunta, ya kawo mana zaman lafiya, ya ba ka tsawon ran da za ka ga amfanin aikinta.

Malama Hamsatu