Ƙasa Ta Jiƙe Ba Ƙamshi

Haɗeja

Zuwa ga aminina Malam Bitrus,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kai da Abigail kuna lafiya a Jahun. Ya zaman kulle? Fannami direbana zai kawo maka wannan, tunda motar shinkafa kaɗai ake bari ta wuce.

Garin nan dattawa sai tafiya suke. Ko Alhaji Shu'ibu mai taki ya rasu, na je ta'aziyya. Wai kada a yi musabaha. Mutumin da ya ba ni buhun farko da na fara sana'a da shi, in ƙi ba 'ya'yansa hannu? Na ba su.

Zaman ya ishe ni, sai na koma waƙa. Kar ka yi dariya, ni da na kafa injin casa da hannuna, baiti ba zai gagare ni ba:

Ruwan farko ya sauka, ƙasa ta jiƙe ba ƙamshi,
Kifi na kan banda, hayaƙi kawai ba ƙamshi,
Masallaci a rufe, jan-baki na jam'i a gonata,
Ya Rabbi, har shinkafar gumi ta daina ƙamshi.

Na karanta wa Inna muna cin tuwo a ɗakinta, ta ce tsufa ne ya kama ni kafin ita. Tana gaishe ku.

Naka,
Alhaji Safiyanu

*

Jahun

Alhaji,

Mun gode Allah, muna lafiya. Baitin tsuntsayen ya yi kyau, ban yi dariya ba.

Amma Abigail ta karɓi takardar ta karanta, sai ta ajiye abincin da take zubawa. Ka san shekarunta a aikin jinya. Alhaji, ruwan nan ya sauka a Jahun ma, kuma ƙamshin ƙasa har cikin ɗaki. Ta ce ɗaukewar jin ƙamshi na cikin alamun cutar nan. Don Allah ka daina cin abinci kwano ɗaya da Inna, kada ma ka shiga ɗakinta. Ga shekaru, ga ciwon suga. Ka nemi masu gwaji su zo.

Ka yi fushi da ni in kana so, amma ka yi abin da ta ce. Muna sa ku a addu'a.

Ɗan'uwanka,
Bitrus

*

Haɗeja

Malam Bitrus,

Bayan gaisuwa. Na yi fushin. Na aiko maka waƙa, ka mai da ita katin asibiti.

Sai dai da na shiga gida na buɗe kwalbar turarena, ban ji komai ba. Na ɗauki daddawa a madafa na kai hanci. Na buɗe tankin babur. Malam, kamar ruwan randa.

Na kwaso tabarmata na dawo ɗakin ajiya na injin, na sallami ma'aikata. Masu gwaji sun ce in jira. Zazzaɓi na zuwa da yamma. Daga taga ina ganin kogi yana ƙaruwa, masunta na ta harkarsu cikin kwalekwale, ni ina lissafin loma nawa muka ci tare da Inna.

Ban bari an gaya wa Inna ba, kada hankalinta ya tashi. Ta aiko wai me ta yi mini na daina zuwa cin tuwo. Na ce a ce mata aiki ne.

Ka gode wa Abigail.

Safiyanu

*

Malam,

Ina gaisuwa. Inna ta zo ɗazu a adaidaita-sahu, da kwanon kunu. Na ce ta tsaya daga bakin ƙofa. Ta ce, "Ni na haife ka ko kai ka haife ni?" Ta shigo, ta dafa goshina, ta zauna har na shanye.

Ka tambayar mini Abigail, kwana nawa ake jira kafin a san ko ta ɗauka?

Ka huta lafiya.

Safiyanu