Jarkokin man ja a wutsiyar jirginka

Zuwa ga ƙanena Hamadu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina sanar da kai cewa har yau kai ne ɗan gaban goshin gidanmu na unguwar Briqueterie. Mutuwa ba ta rage maka matsayi ba, ƙara maka ma ta yi.

Ka tuna Baba ya sayar da filinsa na Tsinga ya tura ka koyon tuƙin jirgi? Ni da na kawo lisans, wato digiri, daga jami'a, Inna cewa ta yi in adana kada ɓera ya ci. Sai kiriz ta zo, tattalin arzikin ƙasa ya karye, aka zaftare albashi, aka daina ɗaukar ma'aikata. Na koma auna atamfa a kasuwar Mokolo, kai kana tuƙa ƙaramin jirgin wani kamfanin gina hanya zuwa Garwa. Har masu soya, wato masu tsire, miƙewa suke yi in za ka wuce.

Tafiya arewa ta gagari kowa, sai unguwa ta mai da kai ɗan aike. Wannan jarkar man ja ga surukarsa, wancan huhun goro. Kai kuwa bakinka bai san a'a ba. Kullum kana cewa, "Adda, ba a ɗora saƙon dattijo a sikeli."

Ranar da abin ya faru, ni na raka ka filin jirgi. Ina kallo kana cusa kayan can baya wajen wutsiya, don kada man ja ya ɓata wandon injiniyan da za ka kai. Jirgin ya ruga, ya tashi, hancinsa ya ɗaga sama, ya yi ta ɗagawa. Gudu ya ƙare masa. Fiffiken hagu ya sunkuya. Injin yana aikinsa lafiya lau har kuka bugi ƙasa. Injiniyan ya rayu, yana ɗingishi. Kai aka kawo mana a makara.

Ni in gishiri ya zarce a miya, sai a yi mako ana zancen. Kai ka kayar da jirgi sukutum, unguwa ta ce ƙaddara.

Jiya Inna ta kira ni ɗakinta. Ta ji ana raɗe-raɗin cewa lodi ne ya yi yawa, kuma ta san buhun garin rogon da ta aika wa ƙanwarta shi ka ɗora na ƙarshe. Ta ce ni na yi boko, ni na gani da idona, in faɗa mata. Hamadu, na daɗe ina jiran ranar da za a tambaye ni laifinka. Na dubi fuskarta, na ce injin ne ya mutu.

Ta riƙe hannuna, abin da ba ta taɓa yi mini ba, ni 'yar fari. Ta daɗe tana shafa shi. Sannan ta ce yatsuna irin naka ne.

Ban janye ba. Ko na aro ne, na karɓa.

Allah ya jiƙanka, ɗan ƙanena, ya yafe maka kunyar da ta fi jirginka nauyi, ya haskaka kabarinka. Ni kuma ya cire mini wannan abin daga zuciya kafin mu haɗu.

Addarka,
Hadiza