Injin Manoman Jiratawa

Yaya Idirisa,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, kai da Inna da yara duka.

Ka tambaye ni ko injin kwamfutar da koperatif ɗinku na Jiratawa zai saya don ajiye bayanan manoma yana bukatar memwar ECC, wato ma'ajiyar bayanai mai gyara kuskure da kanta. Ku saya, Yaya. Memwar gama-gari takan sauya lamba ɗaya shiru, gonar wani ta koma sunan wani. Na ga irin haka a wurin aikina.

Ni lafiya lau nake a Tunis. Kwantiragina ya ƙare, amma wani kamfani ya kira ni ganawa ranar Litinin, kuma raina ya kwanta da su. Ka sa Inna ta yi mini addu'a, amma ka ce mata jarabawa ce, kada ta san ba ni da aiki yanzu.

Ƙanwarka,
Balkisu