Ina Raye, A Maido Mini Rumfata

Zuwa ga Alhaji, Shugaban ƙungiyarmu ta masu sayar da hatsi a Jibiya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ranka shi daɗe, Isuhu ne na Magama ke rubuto maka, wanda aka ce ya rasu. Ina nan da raina, yau ma da safe kofi biyu na kunu na sha.

1. Mura na kwaso a hanyar Maraɗi. Na sha citta da kanumfari na ci gaba da awo, ran kwana na huɗu numfashi ya gagare ni, aka kai ni asibiti. Likita ta ce mura ce mai tsanani, ta sauka huhu. Jikina zafi rau, amma hannuwana sanyi ƙalau, gwiwoyina sun yi dabbare-dabbare, fitsari kuma ya ɗauke. Ta danna farcena, ta daɗe tana jira kafin jini ya dawo. Ta shaida wa matata Hajara cewa zuciya tana bugawa, amma ƙananan jijiyoyin jini, waɗanda suka fi gashi siranta, sun daina kai jini inda ake bukata, shi ya sa ƙoda ta tsaya. Aka wuce da ni Katsina, aka sa mini iskar numfashi, aka yi ta wankin ƙoda.

2. Ka zo dubiya, Allah ya saka da alheri. Sai dai ka taɓa hannuna ka ji sanyi, ka yi salati, ka fita ba ka tambayi likita ba. Ka dawo kasuwa ka ce da wuya in kai gobe. Kafin maganar ta kai ƙarshen layi, an ce na cika. Abokan cinikina har daga Ɗan Isa suka tsallako gaisuwar mutuwa. Yayana ya rantse musu yanzun nan ya gama waya da Hajara, duk da haka suka yi mini addu'a, suka ci tuwo, suka koma.

3. Mako bai zagayo ba sai ka ba wa wani rumfar da na gada daga mahaifina. Shi ban ga laifinsa ba. Ranar da ya hango ni tafe da sanda, tiya ya saki, gero ya watse har kan kwalta. Na yi dariya sai da tari ya sarƙe ni. Amma da na koma gida na dubi 'ya'yana biyar da ke ci daga wannan rumfa, dariyar ta tafi.

Roƙona ga shi. A maido mini wurina, shi kuma bawan Allahn a nema masa wani. Ka tsaya a taro, da bakin da ka faɗi waccan, ka ce Isuhu ya warke. Sannan ka gaya wa 'yan'uwa: mai mura in numfashi ya yi masa wuya, ko hannu ya yi sanyi, ko fitsari ya ragu, a kai shi asibiti ranar, kada a jira.

Kasuwa mai zuwa zan fito da buhu uku. In rumfa ba ta samu ba, a ƙofar ofishinka zan baje, masu shigowa su yi mini barka.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya raba ka da irin wannan mura.

Wassalam.

Naka,
Isuhu mai gero, Magama.