Taƙi Ɗaya a Ruwan Kogi

Iskandariya, 4 ga Maris

Zuwa ga Babana, gwanin inji, Usta Sha'aban,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin? Yaya Ramzi ya ce tarin ya hana ka zuwa masallaci, amma a waya sai ka ce min lafiya lau. Na san halinka.

Baba, an amince da zanena! Jirgi ne mai ɗaukar kwantena ɗari huɗu, daga ƙaramar tashar bakin kogi ta kusa da mu zuwa Limasol da Bairut. Batura ne za su tuƙa shi, ɗan ƙaramin inji ya taimaka a tsakiyar teku. Shekara talatin ka yi a ɗakin inji kana shaƙar baƙin hayaƙi har ya cinye maka huhu. Na rantse ba wanda zai shaƙi wannan a jirgina. Mai jirgin, Alhaji Mitwalli, ya yarda ranar saka shi a ruwa kai za ka tsoma hannu a jinin rago ka manna a goshin jirgin, yadda kuke yi a garinmu Rashid.

Ka ce in kawo takardun ka duba. Haba Baba, ai kwamfuta ta duba.

'Yarka,
Tahani

19 ga Agusta

Yayana Ramzi,

Ina gaisuwa, ya mai jiki da yara? Don Allah kada Baba ya ga wannan.

Na tafka kuskure. Duk lissafina da ruwan gishiri na yi shi. Ka tuna yadda Baba yake tsoma yatsa a ruwan tasha ya lasa kafin a yi lodi, muna masa dariya? Ruwan kogi ba ya ɗaga jirgi kamar na teku. Da nauyin batura, jirgin zai ƙara nutsewa taƙi ɗaya a bakin kogi, cikinsa ya zauna a laka. Taƙi ɗaya tak! Ga shi an riga an ƙera gangar jikin.

Na roƙi Alhaji a rage kwantena arba'in. Ya ce shi kaya yake dako, ba iska mai daɗi ba, wai in kai baturan gidanmu mu kunna fanka. Za a cire su, a sa tsohon injin wani jirgi da aka farfasa. Na je na gan shi. Irin wanda ya kwantar da Baba ne sak. Abinci ma ba ya shiga bakina.

Ƙanwarka,
Tahani

2 ga Nuwamba

Yayana,

Na samu saƙonka, Allah Ya ba Baba sauƙi. Na san ba zai iya tasowa ba.

Jiya aka saka jirgin a ruwa. Alhaji ya ce 'yar Usta ta wakilci ubanta, sai na tsoma hannu a jinin ragon na manna. Da aka gwada injin, hayaƙi ya turnuƙe tasha, masu aikin ɗakin inji suka fito suna goge idanu, ɗaya yana tari. Mutane suna ta guɗa, ni kuwa kunya da baƙin ciki sun hana ni ɗaga kai.

Ga hoto nan, an ɗauke shi kafin a tayar da inji. Wannan hoton kaɗai za ka nuna wa Baba.

A saƙonka ka ce abu ɗaya yake ta tambaya, ko na lasa ruwan tashar kafin in yi zane. Ka ce masa na lasa.

A gaida kowa.
Tahani